Sharhi: Yadda kofi ya suɓuce wa Kano Pillars a 2015, da gargaɗi ga zakarun Fasofoot

A fadar mai shayin da nake zama bayan sallar Isha'i a nan Kossodo, musun ƙwallo ba ya ƙarewa, sai dai ya sauya riga. Na 2025 shi ne na 'yan Duwan. AS Douanes ta ɗauki kofin Fasofoot a 2023, ta sake ɗauka a 2024, kowa ya zuba ido ya ga na uku, sai ga Rahimo ta Bobo-Dioulasso ta yi gaba da shi a 2025. Wani ya ce alƙalan wasa ne, wani ya ce ƙoshi ne ya yi wa yaran yawa, wani dattijo kuma ya ce a bar maganar, sa'a ce ta zo ta wuce. Ina jin su ina kurɓar shayina, amma hankalina yana Kano, domin na taɓa ganin irin wannan, har ma wanda ya fi shi ciwo.

Da yawa daga cikinmu a Zango ekip biyu gare mu, ban da ta Turai da ake kallo a talabijin. Akwai ta nan Wagadugu, akwai kuma Kano Pillars, wadda fatake da direbobin manyan motoci suka kawo mana labarinta har muka iya cewa "Sai Masu Gida" ba mu taɓa taka Ƙofar Mata ba. A 2025 aka cika shekara goma cif da kakar da Pillars ta fita kare kofinta ta dawo hannu rabbana. Na ga ya dace mu waiwayi wannan kaka a tsanake, saboda tana nuna inda zakara yake fara rasa kofinsa: a watannin da ake masa kiɗa, lokacin da babu mai son jin maganar gyara.

Ga wanda bai san asalin ba, an kafa Pillars a 1990 daga haɗakar ƙananan ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North, kuma gwamnatin jihar Kano ce ke riƙe da ita. Ta ɗauki kofin gasar Najeriya karo na farko a 2008 a hannun koci Kadiri Ikhana. A shekarar da ta biyo baya ta yi abin da har yau ake ba yara labari: ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan an tashi 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare mata hanya. Daga nan sai shekarun mulki: 2012 da 2013 tare da koci Mohammed Baba Ganaru, 2014 kuma tare da Okey Emordi. Kofi uku a jere. Rabi'u Ali yana raba ƙwallo a tsakiya, Gambo Mohammed yana zurawa a raga, filin wasa na Sani Abacha kuwa ya zama wurin da baƙo ke shiga yana addu'ar a ci shi kaɗan. Tun daga 2003 babu wanda ya doke Pillars a gida a wasan gasar ƙasa.

To amma ko a waɗannan shekaru na daɗi, bangon ya fara tsagewa, kuma duk mai ido ya gani. A 2013 Pillars ta lallasa AC Léopards ta Kongo da ci 4-1 a gida a gasar zakarun Afirka, ta je can aka rama mata 3-0, dokar ƙwallon waje ta fitar da ita. A 2014 tun a zagayen share fage AS Vita ta Kinshasa ta sallame ta. Ekip ce da ke cin kowa a gaban jama'arta, da zarar ta bar gari kuma sai ƙafa ta yi sanyi. A gasar Najeriya ta wancan zamani, inda cin wasa a waje ya yi ƙaranci ga kowa, wannan rauni yana ɓuya: ka cinye wasanninka na gida, ka tsinto 'yan makuna a waje, kofi ya zo. Da yake kofi yana zuwa, babu wanda ya matsa a tambayi dalilin da ya sa ekip ɗin ba ta iya tafiya.

Sai 2015 ta zo. Ranar 5 ga Maris, ayarin Pillars yana kan hanyarsa ta zuwa Owerri don wasan buɗe kaka da Heartland, 'yan fashi suka buɗe musu wuta tsakanin Abaji da Lokoja. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Mohammed. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma ku dubi lissafin: kaka ba ta fara ba, mutum biyar suna kwance, sauran kuma suna ɗauke da firgicin da ba a ganinsa a hoton asibiti. Bayan 'yan kwanaki aka tafi Maroko, Moghreb Tétouan ta zura musu huɗu babu ko ɗaya. Nasarar 2-1 da aka samu a Kano ba ta gyara komai ba, tafiyar Afirka ta ƙare tun a watan Afrilu.

A gida ma al'amura suka ci gaba da tangal-tangal. Kafin kakar ta ƙare an raba gari da Emordi, mutumin da ya kawo kofi watanni kaɗan baya, aka dawo da Baba Ganaru. A daminar shekarar ne kuma abin da ba a taɓa zato ba ya faru: Nasarawa United ta shigo Kano ta ci 2-1, ta kawo ƙarshen shekara goma sha biyu da wasanni sama da 200 ba tare da an doke Masu Gida a gida ba. Na tuna daren da labarin ya iso mana nan. Wani abokina ya kira ɗan'uwansa a Fagge har sau biyu don ya tabbatar, yana cewa ai rediyo ce ta yi kuskure. Ƙarshen kaka Enyimba ta Aba ta ɗauki kofin, kuma wanda ya jagorance ta shi ne Kadiri Ikhana, wanda ya fara ɗora Pillars a kan karaga a 2008.

Tun daga lokacin Pillars ba ta sake ɗaukar kofin gasar ƙasa ba. Ta ci kofin ƙalubale a 2019, inda ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti a Kaduna, aka yi murna. A 2022 kuwa, bayan hargitsin da 'yan kallo suka tayar a wasa da Katsina United a watan Afrilu, an zaftare mata maki uku, aka kuma raba ta da filinta, ƙarshen kaka ta faɗa rukuni na biyu. Sai a 2023 ta dawo. Wani abin lura kuma: tun daga 2014 ɗin nan har zuwa kofin Remo Stars na 2025, babu ekip ɗaya a Najeriya da ta ɗauki kofin sau biyu a jere.

Za a ce mini harin 'yan fashi ƙaddara ce, kuma haka ne, babu Musulmin da zai musa. Amma addininmu bai hana a ɗaure raƙumi ba. Tambayar da nake yi ita ce: me ekip ta tanada don ranar da ƙaddara za ta faɗa mata? Zakaran da ya yi shekara uku yana dogaro da mutum goma sha uku ko goma sha huɗu, ranar da biyar suka kwanta ba shi da madogara. Zakaran da duk ƙarfinsa yana cikin ihun jama'arsa, ranar da aka fasa wannan kwarjinin sau ɗaya, kowane baƙo zai zo da ƙarfin gwiwa. Wanda kuma aljihunsa ɗaya ne tak, wato baitulmalin gwamnati, lafiyarsa tana bin lafiyar wannan aljihu. A 2015 an yi zaɓe a Najeriya, an sauya gwamna a Kano a ƙarshen watan Mayu, farashin man fetur ya faɗi har jihohi da dama suka kasa biyan albashi. A irin wannan shekara maganar ƙwallo ba ta zama a sahun gaba a teburin kowane mai mulki.

Yanzu mu dawo gida, domin gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta. Tarihin gasarmu ya san zakarun da suka daɗe. Silures ta Bobo ta riƙe kofin sau bakwai a jere daga 1974 zuwa 1980. ASFA Yennenga ta riƙe shi sau biyar daga 2009 zuwa 2013. Daga nan fa? Étoile Filante a 2014, Racing ta Bobo a 2015, Rail Club du Kadiogo a 2016 da 2017, ASFB a 2018, Rahimo a 2019. Korona ta katse kakar 2020. AS SONABEL, ekip ɗin kamfanin kuran da injinansa ke ruri a nan bayan gidajenmu, ta ɗauki kofinta na farko a 2021, shekara na zagayowa RCK ta karɓe. Cikin shekara goma sha biyu, RCK da AS Douanes kaɗai suka iya kare kofi, kowacce sau ɗaya. ASFA da Étoile Filante, waɗanda iyayenmu suka san garin nan yana rabewa biyu ranar da za su haɗu, sun fi shekara goma ba su ga kofin ba.

Dalilanmu sun yi kama da na Kano, ko da yake kowane gida da irin hayaƙinsa. Manyan ekip ɗinmu iri biyu ne. Akwai na ma'aikatu, irin su Duwan da SONABEL da USFA ta sojoji, waɗanda ƙarfinsu yake bin ra'ayin wanda ke shugabancin ma'aikatar: in mai son ƙwallo ne a sha daɗi, in aka sauya shi a koma jiran sa hannu. Akwai kuma na makarantun horar da yara, irin su Rahimo wadda tsohon ɗan wasan Étalons Rahim Ouédraogo ya kafa, da Salitas, da Majestic, waɗanda abincinsu shi ne su reni yaro su sayar. Edmond Tapsoba daga Salitas ya fita, har ya ɗauki kofin Jamus da Bayer Leverkusen a 2024 ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. Issa Kaboré da Lassina Traoré daga Rahimo suka fita. Dango Ouattara daga Majestic ya tafi Lorient, daga can sai Ingila. Abin alfahari ne, kuma ba na ganin laifin yaron da ya samu hanya ya tafi, ko ɗana ne zan raka shi filin jirgi. Sai dai sakamakon a fili yake: ranar da ekip ta ɗaga kofi, ranar ce dillalai suke rubuta sunayen 'yan wasanta, kaka ta gaba kuma sunan ne kawai ke fita kare kofin, mutanen da suka ci shi sun watse.

Ga kuma nauyin Afirka. Tun 2021 da hukumar CAF ta dakatar da filin wasa na 4-Août, zakaranmu ya zama mai gida a gidan wasu. A watan Satumban 2022 RCK ta karɓi baƙuncin Asante Kotoko a Kwatano, aka ci ta 1-0, ta je Kumasi ta rama 1-0, ta fitar da Kotoko a bugun fenariti. 'Yan'uwanmu na Zangon Kumasi sun sha tsiya a waya a wannan mako. Amma ku lissafa kuɗin jirgi da masauki na wasan da ake kira na gida, babu ko dala ta kuɗin ƙofa daga jama'arka, sannan a dawo a tarar da wasannin Fasofoot sun taru suna jira. Ladan cin kofi a waɗannan shekaru ya zama bashi da gajiya. An sake buɗe filin ranar 4 ga Agustan 2025, alhamdu lillahi, wannan uzuri ya kau. Saura waɗanda ke hannunmu.

Na san akwai masu cewa yawon da kofi ke yi alheri ne. Suna cewa gara haka da a ce ekip ɗaya ta mamaye gasa kamar yadda Bayern Munich ta yi shekara goma sha ɗaya a Jamus har mutane suka gaji. Akwai gaskiya a ciki, gasar da ba a san mai ci ba ta fi daɗin kallo. Amma a duba dalilin yawon. In kofi yana sauya hannu saboda masu bi sun ƙara ƙarfi, madalla. In kuwa yana sauyawa ne saboda duk wanda ya hau sai ya rushe, to gasar ba ta ci gaba ba, juyi kawai take a wuri ɗaya. Alƙalin wannan magana shi ne Afirka. Ekip ɗin da ke kaiwa nesa a can, irin su Al Ahly da Espérance da Mamelodi Sundowns da TP Mazembe, suna zuwa ne shekara bayan shekara da ƙashin bayan da bai sauya ba, sun san filayen, sun san tafiyar. Mu kuwa kusan kowace shekara sabon ɗalibi muke turawa jarrabawa. Salitas ta shiga matakin rukuni na kofin Confédération a 2021, muka yi ta murna, kuma murnar da kanta ta nuna yadda abin yake da wuya a wurinmu.

Abin da ya sa na damu har na rubuta wannan bai tsaya a kan kofi ba. A layinmu akwai wani yaro, ɗan maƙwabcina, da ya buga wa wata ekip ta rukunin farko wadda ba zan ambaci sunanta ba. Shekarar da suka yi tashe har gida aka zo aka ɗauke shi hoto. Kaka ta gaba gwiwarsa ta tashi aiki a wani wasa, aka ce ya je ya huta za a neme shi. Babu takardar kwantiragi a hannunsa, babu inshora. Mahaifinsa ya sayar da tumakin da yake kiwo don layya aka yi masa magani, yau yana tura kaya a bakin mayanka. Ekip ɗin ma ba ta ƙara yin abin kirki ba, domin abokan wasansa sun ga abin da aka yi masa, duk mai hanya ya kama gabansa. Yadda kulob ke riƙe ɗan wasansa ranar rauni, haka yake riƙe kofinsa.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Shugabannin ekip ɗin da ta ci kofi su zauna a makon farko, tun kafin gajiyar biki ta sake su, su sabunta kwantiragin 'yan wasan da suke ƙashin baya, a rubuce, na shekara biyu ko uku. Ko yaron zai tafi, ya tafi da farashi, kuɗin kuma a ware wani kaso a sayo madadinsa. Dokar FIFA ta tanadi kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, amma sai wanda ya yi wa yaro rajista da lasisi yake cin wannan gajiyar. Masu ƙananan ekip na unguwa a Kossodo da Nioko da Somgandé, wannan magana taku ce.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FBF, ta mayar da inshorar rauni da ta tafiya sharaɗin shiga gasa, a kuma duba takardun da gaske. Tsakanin Wagadugu da Bobo kusan kilomita 360 ne, kuma duk mun san halin da hanyoyi suke ciki a shekarun nan. Kada mu jira irin ranar Abaji kafin mu yi tunanin yadda yaranmu ke tafiya. A kuma sassauta wa wakilanmu na Afirka jadawalin wasanni, domin tutar ƙasa suka ɗauka. Ma'aikatun da ke da ekip su yanke mata kasafi na shekara uku wanda sauyin darakta ba zai taɓa shi ba, su kuma bar ta ta nemi nata kuɗin ta hanyar katin magoya baya da tallace-tallace.

Mu 'yan kallo ma da namu. Kocin da ya kawo kofi bara bai manta aikinsa cikin wata uku ba. In an yi canjaras biyu a jere, a bar shi ya yi gyara. Jifa da zagin alƙalin wasa kuwa, Kano ta nuna mana farashinsu: maki uku, da rufe fili, da rukuni na biyu. Sannan mu je filin. Ba daidai ba ne mu cika gidan kallo muna ihu saboda Real Madrid, mu kasa biyan kuɗin ƙofa don ganin yaran da muka san iyayensu. Iyaye kuma, duk wanda aka zo neman ɗansa, ya ce a kawo takarda, ya kai wa wanda ya iya Faransanci ya karanta masa kafin a sa hannu.

A 2025 kofi ya koma Bobo a hannun Rahimo. A 2019 da ta fara ɗauka, korona ta hana a ga ko za ta iya karewa. 'Yan Duwan da SONABEL da RCK kuma suna da damar su nuna cewa sun koyi wani abu daga hawa da saukar da suka yi. Ni dai na gaya wa mutanen fadarmu, duk mai son sanin wanda zai riƙe kofi baɗi, ya bar kallon teburin maki tukuna, ya tambaya wace ekip ce ta biya 'yan wasanta albashin watan jiya, wace ce kuma ta kai mai rauninta asibiti da kuɗinta. Allah ya kiyaye yaranmu a hanya, ya ba mai rabo sa'a.